Zoɓon Dawanau a bakin kogin Volga

Ƙarfe huɗu na farka a cikin jirgin ƙasan da ya kwaso mu daga Mosko. Na ɗaga labulen taga, sai ga rana ta riga ta leƙo ta bayan wani daji na dogayen itatuwa masu farin jiki. Na dubi agogon hannuna, na dubi na waya, bakinsu ɗaya. Gabana ya faɗi, don ban saba rana ta riske ni ban yi asuba ba. Na je ƙarshen tarago na yi alwala, na dawo na yi sallah a kan gadona, jirgi yana rangaji da ni. Sai daga baya na fahimci lamarin. Kazan, inda muka dosa, tana gabas da Mosko da kimanin kilomita 800, amma agogonsu ɗaya, ga ƙasar kuma ta lula arewa. A tsakiyar Mayu wajen uku da rabi rana take fitowa a can, a Yuni kuwa tun ƙarfe uku.

Sana'ata zoɓo ce, da riɗi da citta. Shekara goma sha bakwai ina saye a Dawanau da Maigatari, mata su tsince, a shanya, a ɗura a buhu, a loda kwantena zuwa Legas. Duk wanda ke wannan harka ya san mafi yawan zoɓonmu Meziko yake tafiya, ya kuma san abin da muka gani shekarun baya da Meziko ta rufe ƙofa na wani lokaci saboda ƙwarin da ta ce ta samu a kaya. Buhuna suka yi ta kwana a sito, fure yana dushewa, masu bin bashi suna sallama safe da yamma. Tun lokacin na ƙudurta ba zan sake rataya kasuwata a ƙusa ɗaya ba. Da na ji Rashawa suna shan zoɓo, suna kiransa karkade kamar yadda mutanen Sudan da Masar suke faɗa, kuma ana babban taron kasuwanci tsakanin Rasha da ƙasashen Musulmi duk watan Mayu a Kazan, sai na nemi takardar gayyata, na yi biza a Abuja. A Mayun 2025 na bi ta Alƙahira na sauka Mosko, da kilo biyar na zoɓo a jakata wanda na zauna na zaɓe da hannuna.

Matar da ke kula da taragonmu ta kawo shayi a kofin gilashi da aka zaunar cikin mariƙin ƙarfe mai hannu. Ina cikin sha muka hau wata doguwar gada kusa da Zelenodolsk, a nan na fara ganin Volga. Na san Kwara a Jebba da Lakwaja, na san Binuwai a Makurɗi, amma wannan shimfiɗar ruwa ta sa na ajiye kofin na yi shiru.

A tasha wani yaro ɗan Damagaram ya tare ni, ɗalibin likitanci ne a garin, wani abokin kasuwancina na Maraɗi ya haɗa mu. Ya karɓe jakar ya ce, "Kawu, sannu da hanya. Da farko dai, katin bankinka mayar da shi aljihu, ba zai yi maka aiki a nan ba. Dala ka zo da ita?" Na ce na zo da ita. Ya ce, "Allah ya sa sababbi ne, don mai lanƙwasa ko mai tabo sai su ƙi karɓa, ko su rage mata daraja." Tun Maris na 2022 Visa da Mastercard suka janye daga Rasha bayan ɓarkewar yaƙin Yukren. Mutanen ƙasar suna da nasu katin mai suna Mir, da shi suke biyan komai har kuɗin bas, baƙo kuwa sai tsabar rubul, kuɗin ƙasar, a aljihu. Layin waya ma tun farkon 2025 ba ya samuwa ga baƙo sai an ɗauki hoton fuskarsa da muryarsa an yi masa rajista mai tsawo. Kwana shida da na yi, da wayar yaron nan na yi ta kiran tasi.

Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne allunan titi, kowanne da harshe biyu, Rashanci da Tatarci. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 2005, da harshe uku ake sanar da tasha, har da Turanci. Kazan ce babban birnin Jamhuriyar Tatarstan, mutanen garin sun kai miliyan 1.3, jamhuriyar kuma tana da kimanin miliyan 4, fiye da rabi Tatarawa ne, akasarinsu Musulmi, sauran mafi yawa Rashawa Kiristoci. Da na kasa kunne ga Tatarci sai na riƙa tsintar 'yan uwana a ciki. Littafi kitap ne, alƙalami kalam, duniya dunya, labari habar, sabulu sabun. In za su yi godiya sai su ce rahmat. Larabcin da ya ratso Sahara ya iso mana shi ne ya haura ta Buhara ya iso musu. Sunan garin kansa tukunya yake nufi, kuma sun gina gidan ɗaurin aure a bakin kogin Kazanka da siffar ƙatuwar tukunya a kan murhu.

Da yamma muka hau tudun Kremlin. Mu a rediyo in an ce Kremlin fadar Mosko muke ji, ashe kalmar ganuwa take nufi, kuma tsoffin biranen Rasha da dama suna da tasu. Ta Kazan fara ce sol, hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2000. A cikinta masallacin Kul Sharif yake, da shuɗiyar ƙubba da dogayen hasumiyoyi, 'yan taku kaɗan kuma ga tsohuwar majami'ar da aka gina a ƙarni na 16. Masu yi wa baƙi jagora suna son nuna wannan maƙwabtaka, kuma gaskiya abin sha'awa ce. Sai dai ba a kan shimfiɗa aka same ta ba. A 1552 sarkin Mosko Ivan na Huɗu ya ci garin da yaƙi, liman Kul Sharif da almajiransa suka mutu suna kare masallacinsu, aka rushe shi, aka fitar da Tatarawa bayan ganuwa. Shekara 453 kafin a sake buɗe masallaci da sunansa a wurin, a 2005, lokacin bikin cikar garin shekara dubu. Na yi la'asar a ciki. A saman bene masu yawon buɗe ido suna leƙenmu, matansu sun yafa ɗankwalin da ake ba su a ƙofa, ba mai ɗaga murya.

Inda na fi daɗewa shi ne tsohuwar unguwar Tatarawa a bakin tafkin Kaban, inda aka kora su bayan cin garin. Gidajen katako ne masu fenti kala-kala da na jan bulo na attajiran da. A nan masallacin Marjani yake. Sama da shekara ɗari biyu ba a bar Musulmi sun gina masallacin dutse a Kazan ba, har sarauniya Katarina ta Biyu ta ziyarci garin a 1767 ta ba da izini. Har yau Tatarawa suna kiranta Abi Patsha, wato kaka sarauniya. Sunan masallacin na malam Shihabuddin Marjani ne, wanda ya yi limanci a cikinsa har rasuwarsa a 1889, kuma cikin abin da ya rubuta akwai amsar tambayar da ta dame ni tun a jirgi: yaya za a yi da isha'i a ƙasar da shafaƙi ba ya ɓacewa a wasu darare na bazara? Ya ce sallar tana nan wajibi, ba ta faɗuwa. A zamanin Tarayyar Sobiyet wannan ne kaɗai masallacin da aka bari a buɗe a garin. A Kazan ɗin nan kuma aka buga Alƙur'ani da injin ɗab'i tun 1803, bugun da ya yaɗu har tsakiyar Asiya.

Ni ɗan kasuwa ne, don haka na tambayi kaina me ya sa Katarina ta sassauta. Ba tausayi kaɗai ba ne. Daular Rasha tana son ciniki da Buhara da sauran garuruwan Musulmi na tsakiyar Asiya, su kuwa sun fi sakin jiki da ɗan'uwansu mai sallah wanda yake jin harshensu. Fataken Tatarawa suka zama gada. Suka yi arziki da fata da sabulu da yadi, suka gina masallatai da makarantu, irin su gidan Yunusov da gidan Apanayev waɗanda har yanzu ake ambaton sunansu a unguwar. A wani shago na ɗauki takalmin fata mai suna icigi, an yanka fata kala-kala an haɗa da ɗinkin hannu, na juya shi na shinshina, sai dukawan Kano da majemar Ƙofar Wambai suka faɗo mini a rai. Abin da na gani washegari a wurin taro, a ganina, tsohuwar dabarar Katarina ce aka sake ɗaukowa. Ƙofar yamma ta rufe wa Rasha, sai ta juya kudu da gabas, ta sa Kazan a gaba da hula da sallama.

Wurin taron, Kazan Expo, manne yake da filin jirgin sama, ta wata rufaffiyar gada ake shiga. Tun 2009 ake yin taron, a 2023 gwamnatin tarayya ta ɗauke shi ya zama nata, ana kiransa KazanForum. A wannan gini aka yi taron shugabannin BRICS, ƙungiyar manyan ƙasashe masu tasowa, a Oktoban 2024, watanni kaɗan kafin Najeriya ta zama abokiyar hulɗar ƙungiyar a Janairun 2025. Na ga Larabawan Daular Larabawa da rawunansu, Turkawa, Iraniyawa, 'yan Malesiya, Uzbekawa, da tawagogin Afirka jefi-jefi. Ɓangaren baje kolin halal ya cika da kaji da tsiran nama da alewa da man shafawa da magani, kowanne da tambarinsa. Rasha tana sayar wa ƙasashen Larabawa kaji da alkama da mai na girki, kuma ta gane takardar halal mabuɗi ce.

Zaman da ya fi jan hankalina na harkar kuɗi ba ruwa ne. Tun 1 ga Satumban 2023 Rasha take gwajin wannan tsari a yankuna huɗu, Tatarstan da Bashkortostan da Ceceniya da Dagestan. A dokar ba a kira shi bankin Musulunci ba, an ce masa samar da kuɗi ta haɗin gwiwa. Da yaron ya fassara mini haka sai na tuna taƙaddamar da aka sha a Najeriya a 2011, zamanin da Sanusi Lamido Sanusi yake gwamnan babban banki, har aka tsaya a kan sunan banki maras kuɗin ruwa kafin Jaiz ya buɗe a 2012. Bankin Ak Bars na Tatarstan yana sayar da gida ta hanyar murabaha, wato banki ya saya ya sayar maka da ribar da aka sani, akwai kuma ƙananan kamfanoni masu ba da motoci da injuna ta ijara, wato haya. Harkar ƙarama ce har yanzu idan aka gwada da bankunan ruwa, amma na lura ba masu sallah kaɗai ke tambaya ba. A lokacin babban bankin Rasha ya kai kuɗin ruwa kashi 21 cikin ɗari. Namu a gida kuwa a lokacin yana 27.5, saboda haka ba sai an yi mini bayanin yadda mai masana'anta yake ji ba.

To, da me garin ya tsaya? Da mai. A 1948 aka gano rijiyoyin Romashkino a kudu maso gabashin jamhuriyar, kuma zuwa 2007 an haƙo tan biliyan 3 a Tatarstan. Har yanzu ana fitar da sama da tan miliyan 30 a shekara, duk da rijiyoyin sun tsufa. Mai kam mu ma muna da shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda nasu yake zuwa bayan ya fito. Da Tarayyar Sobiyet ta watse, aka yi ta wawason kamfanonin gwamnati a faɗin Rasha, shugaban Tatarstan na farko, Mintimer Shaimiyev, ya ƙulla yarjejeniyar rabon iko da shugaban Rasha Boris Yeltsin a 1994, jamhuriyar ta riƙe babban hannu a kamfanin Tatneft, hedkwatarsa ta ci gaba da zama a Almetyevsk. A Nizhnekamsk ana tace man a matatar TANECO, a maƙwabtanta ana yin robar taya da tayar kanta. A cikin Kazan kamfanin Kazanorgsintez yana yin ƙwayar robar da ake narkawa a yi leda da bututu. A Naberezhnye Chelny ana ƙera manyan motocin KAMAZ tun 1976, waɗanda suka ci gasar tseren motoci ta Dakar sau 19 a rukunin manyan motoci. A Kazan kuma ake ƙera jirage masu saukar ungulu samfurin Mi-17, irin waɗanda rundunonin Afirka da yawa suke amfani da su, da jirgin fasinja Tu-214 da na yaƙi Tu-160. Ɗanyen mai ya shiga ta nan, ya fito ta can yana taya a ƙarƙashin motar da aka ƙera a gari na gaba. Ina jin wannan bayani, zuciyata tana Sharaɗa da Bompai da Challawa, da masaƙun Kaduna da ciyawa ta cinye. Ni kaina ɗanyen fure nake fitarwa, wani ya niƙa ya ƙunsa a 'yar takarda ya ci ribar da ta ninka tawa.

Ba ina cewa komai nasu ya tafi daidai ba. Mafi yawan harajin da ake tarawa a jamhuriyar Mosko yake tafiya. Yarjejeniyar rabon iko ta ƙare a 2017 ba a sabunta ba, a shekarar kuma aka daina tilasta koyon Tatarci a makarantu. A 2023 ma sunan shugaban ƙasa aka cire wa mai mulkin jamhuriyar, Rustam Minnikhanov ya koma Ra'is. Manyan kamfanonin sinadarai na Kazan da Nizhnekamsk sun koma ƙarƙashin SIBUR, babban kamfanin sinadarai na Rasha, tun 2021. Wani dattijo a harabar masallacin Marjani ya ce mana jikokinsa suna jin Tatarci amma da Rashanci suke amsawa, ya faɗa yana kallon ƙasa.

Wajen tarairayar mai zuba jari kuwa, sun iya. Suna da hukuma guda da aikinta ke nan, ta karɓi baƙo ta bi masa takardu ofis-ofis. A jadawalin da ake fitarwa duk shekara na yankunan Rasha da suka fi sauƙin zuba jari, Tatarstan ce ta ɗaya a 2015 da 2016 da 2017, tun daga nan kuma ba ta yi nisa da sahun gaba ba. Suna da yankunan tattalin arziki na musamman guda biyu. Innopolis, kimanin kilomita 40 daga Kazan, sabon gari ne da aka buɗe a 2015 don masu aikin kwamfuta, da jami'arsa da ake koyarwa da Turanci. Mun je da rana ɗaya. Ƙananan akwatuna masu taya shida suna yawo a gefen titi su kaɗai suna kai wa mutane abinci, garin tsaf, sai dai shiru ya yi masa yawa, kamar an gina gida ana jiran masu shi. Ɗayan shi ne Alabuga, kusa da Yelabuga, na manyan masana'antu: fili da wuta da gas a shirye, harajin riba an sassauta, na ƙasa da na kadara an yafe shekara goma, injuna su shigo ba kuɗin kwastan. Turkawa sun kafa masana'antar katako da ta gilashi da ta takardar goge hannu a can. Ford ta taɓa harhaɗa motoci a wurin, ta tattara ta tafi a 2022, kamar yadda Daimler ta Jamus ta janye daga hulɗarta da KAMAZ. A titunan Kazan yanzu Haval da Chery da Geely na ƙasar Sin ne suka cika ido.

A kan Alabuga akwai maganar da ba zan haɗiye ba, don ta shafi 'ya'yanmu. Yaƙi ya kwashe maza, masana'antu suna neman hannu ruwa a jallo. A Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa bincike cewa an ɗebo 'yan mata kimanin 200 daga Afirka, masu shekara 18 zuwa 22, har da 'yan Najeriya, ta tallan intanet mai alkawarin tikiti kyauta da koyon sana'a irin ta otal da abinci, suka tsinci kansu suna harhaɗa jirage marasa matuƙa na yaƙi. A Afrilun 2024 harin Yukren ya faɗa kan wani ɗakin kwana a yankin, mutane suka jikkata. Ban je can ba, ban kuma nemi zuwa ba. Amma duk uban da 'yarsa ta nuna masa irin wannan talla a waya, ya tsaya ya bincika da kyau kafin ya sa albarka. Kazan kanta ba ta tsira ba: a Disambar 2024 jirage marasa matuƙa sun daki dogayen gidajen kwana a cikin gari, kuma yaron ya ce mini akan rufe filin jirgin sama na sa'o'i in an ji motsinsu.

Duk da haka garin cike yake da baƙi. Hukumomi suna ƙirga masu ziyara kimanin miliyan 4 a shekara, kusan dukansu Rashawa ne. Tun da tafiya Turai ta yi wuya suka juyo cikin gida, ga sabuwar babbar hanya M12 da aka buɗe a Disambar 2023 ta mai da tafiyar mota daga Mosko ta koma awa shida da rabi. Da wasanni garin ya gina kansa ya kai haka. Gasar ɗaliban jami'o'i ta duniya a 2013 ita ta kawo sabon filin wasa da tituna da unguwar ɗalibai, sai gasar ninƙaya a 2015, sai kofin duniya na 2018. Masu kallon ƙwallo za su tuna a filin Kazan Koriya ta Kudu ta kori Jamus da ci 2-0, Faransa ta fitar da Ajantina 4-3, Beljiyam ta fitar da Brazil 2-1. Da dare titin Bauman, wanda mota ba ta bi, yana cika da iyalai da masu kiɗa da yara suna shafa gunkin kyanwar Kazan. Abinci bai ba ni wahala ba ko kaɗan, wannan kuwa babban abu ne ga matafiyi irina. Na ci ecpocmak, wani burodi mai kusurwa uku da aka cusa wa nama da dankali da albasa, ana zuba masa romo ta ɗan ramin da ke samansa. Na ci cakcak, soyayyen ƙullu da aka daskarar da zuma, ɗan'uwan dubulan da alkaki. Kazilik kaɗai na mayar, busasshen naman doki ne. Su Hanafawa ne, a wurinsu abin marmari ne, na ce musu mu Malikawa ba mu ci, suka ɗauke ba tare da wani ya ɓata rai ba.

A rana ta biyu ta baje koli na gamu da mutumin da na zo nema. Batatare ne mai kimanin shekara sittin, yana da ƙaramar masana'antar ƙunsa shayin ganye a bayan gari. Na kwance ledar zoɓona. Ya ɗebi fure ya murza a tafin hannu, ya ɗaga shi ga haske, ya tauna ɗaya. Wanda ya san kaya ba ya ɓuya. Ya gayyace mu gidansa. Matarsa ta dafa zoɓon a butar shayi, da zafinsa suke sha, da zuma, ba citta ba kanumfari. Na ce musu mu sai ya yi sanyi ƙarara muke sha, suka yi ta mamaki. Yaron ya koya mini in kira shi abiy, wato yaya, shi kuma yana ce mini Haji.

Ya ajiye kofi ya ce, "Haji, naka ya fi wanda nake saye daga Masar ja, kuma furen bai kakkarye ba. Kwantena ɗaya nake so na gwaji. Farashinka ma bai dame ni ba. Amma gaya mini, ta wace hanya kuɗina za su iso Kano?"

A nan muka kwana uku, in ji masu magana. Zoɓo abinci ne, ba ya cikin takunkumi. Amma manyan bankunan Rasha an cire su daga SWIFT, hanyar da bankunan duniya suke aika wa juna saƙon kuɗi. Tun Disambar 2023 kuma da Amurka ta ce za ta hukunta bankin kowace ƙasa da ya taimaka wa masana'antun yaƙin Rasha, bankunan Turkiyya da Dubai da Sin suka riƙa ɗari-ɗari har da cinikin da ba ruwansa da yaƙi. Rubul ba ta da amfani a Dawanau. Ya ce akwai dillalai da suke karɓar rubul a nan su biya dirhami ko yuwan a can, su cire lada. Na ce, "Abiy, ni kuma ina cike fom ɗin NXP na masu fitar da kaya waje kafin kaya su fita, doka ta ba ni kwana 180 kuɗin su dawo asusuna. In suka zo da sunan wani kamfani da ba shi ne a takardar ciniki ba, bankina zai tambaye ni, kuma yana da gaskiya." Ga jigila: manyan kamfanonin jiragen ruwa sun rage zuwa Rasha, sai an sauke kwantena a Turkiyya a sake lodawa zuwa Novorossiysk, daga nan ta hau dogo. Ya kawo shawarar musaya, ya ba ni alkama ko man girki. Na ce ban san kan alkama ba, kuma mai shiga kasuwar da bai sani ba da kuɗin mutane ya san abin da ke jiransa. Muka rubuta lissafi a bayan takardar shayi har dare ya yi, daren da bai cika yin duhu ba.

Ranar da ta rage mini ya ce ba zan bar ƙasarsu ban ga Bolgar ba. Ya ɗauke mu a motarsa, tafiyar kusan awa uku kudu da Kazan, gonaki baƙaƙe wuluk an fara shuka. Bolgar kufai ne a kan gaɓar Volga, da guntun ginshiƙan tsohon masallaci da hasumiya da kaburburan sarakuna, ita ma tana cikin kayan tarihin UNESCO tun 2014. A shekarar 922 kakannin Tatarawa suka karɓi Musulunci a hukumance, shekara 66 kafin Rashawa su karɓi Kiristanci. An gina farin masallaci sabo a gefe, da makarantar koyon ilimin addini mai zurfi da aka buɗe a 2017, da wani gini mai ƙubbar zinare inda aka ajiye wani ƙaton bugaggen Alƙur'ani. Motocin bas na masu ziyara sun yi layi, mata suna sayar da kyafaffen kifi da zuma a bakin hanya.

A gidan tarihin wurin yaron ya riƙa karanta mini labarin tawagar da halifa Muƙtadir ya aiko daga Bagadaza, wadda Ahmad ibn Fadlan ya rubuta labarinta. Sarkin Bolgar, Almish, shi ya aika yana neman malamai da masallaci da kuɗin gina ganuwa. Tawagar ta taso a 921, ta yi kusan shekara a hanya, ta iso a watan Mayu kamar ni. Ibn Fadlan ma gajartar dare ta ba shi mamaki. Sun kawo wasiƙa da kyaututtuka, amma dinari 4,000 da wasiƙar ta ambata ba su zo ba, sun maƙale a hanya wajen Huwarizm. Sarki ya kira Ibn Fadlan ya jefa masa takardar yana tambayar ina kuɗin. Da yaron ya fassara wa abiy abin da ya sa na tsaya cak a gaban allon, sai ya dafa kafaɗata, muka fita bakin ruwa muka yi azahar a kan ciyawa, shi ya ja mu.

Ragowar zoɓon na bar wa matarsa, ita kuma ta cika mini jaka da cakcak na kai wa yara. Na dawo ta hanyar da na bi. Da kaka ta yi, sabon fure ya shigo Dawanau, na ware tan goma sha biyu mafi ja na sa a lungun sito na ce kada a taɓa. Muna musayar saƙo duk mako ta hannun yaron nan na Damagaram, tsakanin darasinsa da asibiti. Shekaranjiya abiy ya aiko da takardun wani kamfani a Istambul da ya yarda ya tsaya a matsayin mai saye, sunansa ya hau takardar ciniki da ta banki baki ɗaya. Na buga su, suna cikin aljihun rigata, gobe da safe zan kai wa manajan bankina ya duba.